Rigar da Na Rage wa Gwaggo

Ni na rage rigar. Gara in fara da wannan, kada wani ya karanta ya ɗauka 'yar kallo ce ni a cikin abin da ya sami Gwaggo.

Shagon ɗinkina yana jikin gidan Akawu, shi ne ma ya ba ni hayarsa. Babbar ƙofa tana kallon titi, ƙaramar tana buɗewa cikin tsakar gidansu, ko cokali ya faɗi a kicin ina ji. Akawu ma'aikacin ofis ne, mutum mai guga da turare, ba ya fita sai takalminsa na ɗaukar ido. Matarsa Maman Biyu muke ce mata. Gwaggo kuwa ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijinta ya rasu ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ke kusa da kicin, yara suka riƙa kiranta Gwaggo har sunan ya bi ta. Wanki nata, guga nata, girki nata. In baƙi suka zo Akawu kan ce, "Ƙanwata ce, ni nake riƙe da ita," kuma ba ƙarya ya yi ba.

Ofishinsu yana da inshorar lafiya. Kati ne mai hoto, nasa da na matarsa da na 'ya'yansu huɗu, ƙanwa ba ta ciki. Akwai takardar da ake cikewa a ƙara mutum, a riƙa cire ɗan ƙari a albashi. Shekara biyu Akawu yana cewa wata mai zuwa zai cike ta.

Ranar Talata da safe Maman Biyu ta shigo ta ƙaramar ƙofa da doguwar rigarta mai ruwan toka a hannu. Gwaggo na biye da ita a duƙe, ta dafe gefen cikinta na dama.

"Tela, ki rage wa Gwaggo wannan yanzu-yanzu. Amma kada ki sa almakashi, ki naɗe ta ciki kawai, in ta dawo a farke min abata."

Na ce, "Ina za a je da kwalliya, ga mutum ko miƙewa ba ta iya yi?"

"Asibiti za ta, da katina. Wannan rigar ce a jikina a hoton."

Na ɗauki tef na fara awo. Tela ta san jikin mutanenta fiye da yadda suke zato. Na san Gwaggo ta fi matar yayanta siranta da inci huɗu a ƙugu. Na kuma san shekara uku da suka wuce an yi wa Maman Biyu aiki an cire mata afendis, ɗan guntun hanjin nan da kan kumbura, domin tun daga lokacin duk siket ɗin da zan ɗinka mata sai ta ce kada ƙugun ya zauna a kan tabon. Da na zagaya tef ta cikin Gwaggo sai ta ja numfashi ta haƙora, ta riƙe kafaɗata.

Akawu ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo, ya fara yi mata karatu. Ya faɗi sunan matarsa cikakke, ta maimaita. Ya faɗi ranar haihuwar matar, ta maimaita sau uku. 'Ya'yanta nawa? Huɗu. Gwaggo da ko ɓari ba ta taɓa yi ba ta ce huɗu, idonta a ƙasa.

"Yaya, in suka gane fa?"

"Wa zai gane? Mutum ɗari ne a layi, wa ke da lokacin kallon hoto? Kuma ai ba sata muka yi ba. Duk wata ana cire min, Maman Biyu kuwa rabonta da asibiti an fi shekara. Haƙƙina ne nake ci."

Maman Biyu ta cire tabaraunta ta maƙala wa Gwaggo a fuska, ta ja baya tana dariya. "Kin ga? Kamar an tsaga kara." Sai kuma ta sassauta murya. "Abu ɗaya dai, Gwaggo. Kada ki yarda su ɗaga miki riga. A fayil ɗina an rubuta an yi min aiki, in suka duba ba su ga tabo ba, mun shiga uku gaba ɗaya."

Na ji wannan maganar da kunnena. Ƙafata tana kan keke, fil uku a bakina. Raina bai kwanta ba, amma shagon nasu ne, kuma na ce wa kaina ciwon ciki ne, wa bai taɓa yi ba? Na naɗe rigar ta ciki, na bi ta da ɗinki mai kyau, har guga na yi mata.

Da yamma Gwaggo ta shigo ta zauna a bencin masu jira, ta ba ni labari. Akawu ne ya raka ta a matsayin miji, tun da mai katin ba ta isa ta leƙa wurin ba.

"Tela, kunya kamar in nutse. Likitan yana ce wa Yaya 'maigida', Yaya yana amsawa."

"Me ya ce yana damunki?"

"Ya tambaye ni inda ke ciwo, na nuna masa. Ya ce da ba don an riga an cire min afendis ba, da ya ce shi ne. Ya kalli kwamfuta ya ce, 'An cire miki shekara uku da suka wuce ko?' Na kalli Yaya. Na ce e."

"Bai duba ki ba?"

"Ya ce in kwanta in ɗaga riga. Yaya ya ce ni mai kunya ce, ba na yarda. Ya ɗan danna ta kan rigar, na cije baki. Ya ce ƙila ciwon mara ne, ya rubuta ƙwayoyi, aka kira na gaba."

Ta nuna min ledar magani, kowane kwali da sunan Maman Biyu a jiki.

Ranar Laraba ta wuni tana amai. Alhamis zazzaɓi ya rufe ta, amma na hango ta ta ƙaramar ƙofa tana gugar rigunan makarantar yara, hannu ɗaya a kan abin guga, ɗaya a kan bango. Tafiyarta ta koma jan ƙafar dama. In mota ta wuce da ƙarfi har ƙasa ta ɗan girgiza, sai ta rufe ido. Na ce wa Maman Biyu a bar yarinyar nan ta kwanta.

"Wa ya sa ta? Ita ce ba ta iya zama. Kuma magani ai ba ranar da aka sha yake aiki ba, sai an ba shi kwana biyar."

Ranar Juma'a da hantsi ciwon ya ɗauke cak, kamar an kashe fitila. Gwaggo ta miƙe, ta share tsakar gida, har shayi ta sha da burodi. Akawu ya dawo ya same ta zaune, ya leƙo shagona yana murmushi.

"Tela, kin gani? Da mun biye wa masu tsoro da yanzu an kwashe mana kuɗi a banza. Komai dabara ne."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Daga baya likita ya gaya min wannan sauƙin shi ne lokacin da abin ya fashe a cikinta. Mu kuwa murna muka yi.

Asabar da safe ta shigo shagon sanye da rigar mai ruwan toka, za a koma asibiti, don zazzaɓin ya dawo ya fi na da. Fuskarta ta faɗa, leɓenta ya bushe. Amma ba fuskar na fara gani ba, rigar na gani. Ni na rage ta ranar Talata, na bar mata sarari isasshe, ga shi yanzu ta ɗame ta a ciki har ɗinkin yana ja. Na ɗauko tef na auna ta. Ƙugunta ya ƙaru da inci biyu da rabi, mutumin da kwana huɗu bai riƙe abinci ba. Na ɗora tafin hannuna, cikin ya yi tauri kamar katako.

Na bar ta a benci na shiga gidan. Maman Biyu tana taje wa ƙaramar 'yarta kai.

"Maman Biyu, cikin Gwaggo kumbura yake. Ku gaya wa likita gaskiya yau. Ku ce ba ke ba ce, ku ce ba a taɓa yi mata aiki ba."

Ta ajiye matajin. "Tela, kin san abin da kike faɗa kuwa? Bara wani a ofishinsu ya kai surukarsa da katin matarsa, aka gane, aka kore shi ko sisin sallama babu. In aka kori baban yaran nan, ke za ki riƙe mu? Ita kanta Gwaggon ina za ta kwana?"

"To ku kai ta wani asibitin da sunanta."

"Da wane kuɗin? Ƙarshen wata ne. Mu fa taimakonta muka yi. Wani gidan ko kallonta ba za a yi ba, mu har katina na ba ta, na sa kaina a haɗari."

Ta faɗi haka da zuciya ɗaya, har idonta ya kawo ruwa. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan a gidan. Ba mugaye ba ne, suna son Gwaggo daidai gwargwado, sai dai a duk lissafin da suke yi ita ce ta ƙarshe.

Akawu da Gwaggo suka tafi, kafin azahar suka dawo. Wata likita suka samu, mace, ta ce ba ta yarda da cikin nan ba, a je a ɗauki hotonsa a ranar. Ɗaukar hoton ciki kuwa sai an ɗaga riga an shafa mai a ciki. Akawu ya karɓi takardar, ya bi da ƙanwarsa ta gaban ɗakin hoton, ya wuce da ita har bakin titi.

Na tare shi a ƙofar gida. "Akawu, me ya hana a ɗauki hoton?"

"Layi ya yi yawa. Kuma sai kamfanin inshora ya turo izini, yau ba sa aiki sosai. Litinin zan nemi wani da na sani a wurin, ya ɗauka mana ba tare da tambaye-tambaye ba." Ya gyara wuyan rigarsa. "Tela, ina ganin girmanki. Amma maganar cikin gida ce wannan, ki tsaya a kan ɗinkinki."

Na tsaya a kan ɗinkina. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Lahadi da rana na kai mata ruwan ɗumi a ɗakinta. Tana kwance ta naɗe ƙafafu, tabaraun Maman Biyu da katin suna kan kujera kusa da kanta. Na ce ta tashi in kai ta da kaina, in ya so duk abin da zai faru ya faru.

Ta girgiza kai. "Tela, da mijina ya rasu 'yan uwansa ko tabarma ba su bar min ba. Yaya ne ya zo da mota ya ɗauke ni. Yanzu ni zan zama sanadin aikinsa? Da wane ido zan kalli yaran nan?"

"Ranki fa?"

"Gobe ne kawai. Ya ce gobe." Ta yi ɗan murmushi. "Kin san abin dariya? Jiya da nas ta kira sunan Anti Maman Biyu, kafin in yi tunani na miƙe. Na fara sabawa."

Litinin Akawu ya fita tun bakwai, ya ce zai leƙa ofis ya sa hannu ya dawo. Maman Biyu ta kai yara makaranta, tun da Gwaggo mai kai su ba ta tashi ba. Wajen tara na ji ƙarar faɗuwar bokiti. Na ruga na sami Gwaggo a ƙasa a bakin banɗaki, ta riga ta sa rigar mai ruwan toka tana jiran yayanta, jikinta sanyi ƙalau, gumi na tsattsafo mata. Ban kira kowa ba. Na tsayar da tasi, ni da direban muka ɗauke ta. Katin yana cikin hannunta, ta damƙe shi.

A ɗakin gaggawa ba a yi wata-wata ba. Aka ɗora ta a gado, wani ya karɓi katin ya buɗe fayil a kwamfuta, wata nas babbar mace ta ɗauko almakashi. Gwaggo ta kai hannu za ta riƙe rigar, hannun ba ƙarfi. Nas ta yanka ta daga ƙasa har wuya, ta bi ta kan ɗinkina, ta buɗe. Cikin ya kumbura yana ƙyalli, fatar sumul, ko ƙwarzane babu.

Nas ta kalli cikin, ta juya ta kalli kwamfuta, ta sake kallon cikin. Ta kira likita ta nuna masa da yatsa. Sannan ta sunkuya daidai kunnen Gwaggo.

"Baiwar Allah, ya sunanki?"

Gwaggo ta faɗi sunan Maman Biyu. Ba a tambaye ta ba ta ɗora da ranar haihuwa, ta ce 'ya'yanta huɗu, muryarta na yankewa.

A nan ne bakina ya buɗe. Na ce ba ita ba ce, ƙanwar mai katin ce, ba a taɓa sa mata wuƙa ba, ba ta taɓa haihuwa ba. Na faɗi sunanta na gaskiya, wanda yake rubuce a littafin awona. Gwaggo ta juyo da ido ta kalle ni, hawaye ya gangaro ta gefen kunnenta. Har yau ban san ko godiya ce ko tuhuma ba.

Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce a shirya tiyata yanzu, sannan ya dube ni ya ce, "Hajiya, mu abin da aka rubuta da abin da aka gaya mana muke bi. Kwana shida muna neman ciwo a jikin wata mata daban. Da ranar farko aka faɗa mana, aikin da bai kai awa ɗaya ba ne, da yanzu tana gida."

Akawu ya iso ana tura ta ɗakin tiyata. Ya zo da gudu, takalmin nan duk ƙura. Ya ja ni gefe, numfashinsa na sama-sama. Na zaci zai tambayi yadda take.

"Me kika gaya musu?"

Na ce, "Sunanta."

Ya dafe kai ya zauna a benci. Can sai nas ɗin ta fito da sabon fayil, ta ce a ba ta bayanin mara lafiya na gaskiya. Ya faɗi sunan ƙanwarsa. Ta tambayi ranar haihuwa. Ya kalli silin, ya ce yana jin ta ba wa talatin baya da kaɗan. Maman Biyu da ta iso a lokacin ita ma ba ta sani ba. Nas ta ja layi a wurin ta wuce.

An yi aikin, an wanke cikin, aka ce dafin ya riga ya shiga jini. Ranar Talata ta farfaɗo na ɗan lokaci. Ina zaune kusa da ita ta motsa baki, na kai kunne.

"An kori Yaya?"

Na ce ba a kore shi ba. Ta lumshe ido. Ranar Laraba da hantsi ta cika.

Ba a kori Akawu ba kuwa. An ba shi takardar gargaɗi, aka dakatar da katin gidan wata shida, aka sa ya biya kuɗin duk abin da aka yi da sunan matarsa. Abin da aka tsorata Gwaggo da shi har ta riƙe rigarta a gaban likita, iyakarsa ke nan. Yanzu haka yana ofis, takalminsa ya koma ɗaukar ido.

Masu zuwa gaisuwa suka cika tsakar gidan, ina jin su ta ƙaramar ƙofa. Akawu yana ce musu, "Sau uku ana kai ta asibiti, likitocin ne ba su gano ciwon da wuri ba." Suna cewa ya yi ƙoƙari, ba kowane ɗan'uwa ba ne zai yi haka. Kowace kalma a cikin maganarsa gaskiya ce, kuma ban taɓa jin ƙaryar da ta kai ta ba.

Na san gidaje da yawa da ake wannan dabarar, ana kiranta taimako. A ba ƙanwa katin matar gida, a ba tsohuwa katin 'yarta, a ce ai kamfani ake yi wa wayo, kamfani kuwa ba ya jin ciwo. Ba wanda ke tuna cewa bayan katin akwai fayil, kuma fayil ɗin labarin jikin mutum ɗaya ne, da jininsa da tabonsa da maganin da ba ya karɓarsa. Wanda aka tura da katin wani, shi kaɗai ne zai kwanta a gadon, masu dabarar suna waje a benci. Kuma ban taɓa ganin an tura mai ƙarfi a gida da katin aro ba. Kullum mai ɗakin kusa da kicin ake turawa, wadda ba ta da bakin cewa a'a.

Asibiti suka ba ni rigar a leda, tun da ni na kawo mai ita. Maman Biyu ba ta tambaye ta ba. Tana nan a ƙarƙashin teburin yankana, a tsage gida biyu, inci huɗun da na naɗe suna nan yadda na bar su.

Da wata ya ƙare Akawu ya aiko a ce min yana buƙatar shagonsa. Na kwashe kekena na koma wani layin. Labari yana iso min cewa yana gaya wa mutane bakina ne ya jawo musu asara da tonon asiri, ni da suka riƙa kamar 'yar gida.

Ban musa ba, bakina ya yi laifi. Ranar Talata ya kamata in cire fil ɗin nan in buɗe shi, na bari sai Litinin.